Mitar keke ko GPS: Kafin ka kashe kuɗinka, ɗauko tef ɗin tela

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki, lissafin zirga-zirga ya sauya wa kowa. Litar da muke saye ƙasa da Naira 200 ta kai 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000 a gidajen mai da dama. Mai mota ya jingine ta, mai babur ya fara ƙirga fitarsa, mu masu hawa Napep kuwa kullum sai mun yi ciniki da direba kamar za mu sayi akuya.

Duk wanda ke fitowa da sassafe a nan Malali ya ga abin da ya biyo baya. Kekuna sun dawo kan titi. Ina nufin keke mai ƙafa biyu da feda, domin a Kaduna idan ka ce keke kawai, sai a zaci Napep kake nufi. A cikinsu akwai wani iri da ya fara yawa, wato ƙaramin keken nan mai naɗewa, wanda akasarinsa na hannu ne da ake shigowa da shi daga waje.

Ni ma irinsa na saya. Gidan haya nake zaune, babu wajen ajiye babban keke, kuma aikina na jarida yawo ne daga wannan ofis zuwa wancan. Idan na isa, sai in naɗe shi in shiga da shi. Idan hadari ya taso ina kan hanya, in naɗe in jefa shi cikin Napep.

Tambayar da abokai suka fi yi mini ita ce ta 'yar na'urar da ke kan keken: wace ce ta fi, mita marar waya mai aiki da maganaɗisu, ko na'urar GPS mai aiki da tauraron ɗan Adam? Ra'ayina shi ne, ga mai zirga-zirgar cikin gari, mita marar waya ta ishe shi, ta kuma fi dacewa da aljihunsa da halin wutar da muke ciki. Amma akwai sharaɗi guda: kada ya biya ko sisi sai ya auna kekensa da tef. Ni ban auna ba, na kuwa ji a jikina.

Me ma zai sa a auna tafiya?

Wani zai ce, mutumin da tsadar mai ta mayar da shi kan keke, ina shi ina sayen mita? Tambaya ce mai ma'ana, kuma gaskiya keke zai tafi ko babu mita. Sai dai akwai abubuwa huɗu da lissafin tafiya ke amfanar da mai keke.

Na farko shi ne lokaci. Idan ka san tsawon hanyarka daga Malali zuwa titin Ahmadu Bello, da mintocin da take cinye maka ta Isa Kaita ko ta Rabah, ka san lokacin da za ka bar gida ba tare da ka isa ofis a jiƙe da gumi ba.

Na biyu shi ne gyara. Ƙaramar taya tana juyawa sau da yawa fiye da babba a tafiya iri ɗaya, saboda haka ta fi saurin suɗewa. Wanda ya san kilomita nawa tayarsa da kacarsa suka ci, ba zai jira sai sun tsinke masa a tsakiyar hanya ba.

Na uku shi ne kuɗi. Matasan da ke kai saƙo da keke, na abinci ko na kayan da mata ke sayarwa ta WhatsApp, suna buƙatar sanin nisan da suka yi domin su yanka farashin da ba za su cutu ba, ba kuma za su cuci mai kaya ba.

Na huɗu shi ne lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a kowane mako. Mai hawan jini ko ciwon suga da likita ya ce ya riƙa motsa jiki, mita za ta nuna masa ko ya cika ko bai cika ba.

Yadda na yi asarar farko

Mita marar waya abu uku ce. Akwai ɗan maganaɗisu da ake ɗaurawa a jikin ɗaya daga cikin siraran ƙarafan da ke riƙe da gargaren taya. Akwai sensa da ake ɗaurewa a ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba. Sai allon da ke kan keke, inda kake ganin lambobi. Duk juyawa ɗaya da taya ta yi, maganaɗisun zai gifta ta gaban sensa, ita kuma ta aika saƙo zuwa allon ta iska. Allon zai ƙirga juyawar, ya ninka da tsawon zagayen taya, ya ba ka nisa da gudu.

Na sayi tawa a wani shago a cikin gari, na ɗaura da kaina da yamma, washegari na fita ina jin daɗi. Na yi tafiya mai nisa, allon yana nuna mini sifili. Wani lokacin ya farka ya nuna gudu na 'yan daƙiƙoƙi, sai ya koma barci. Na sauya batir, babu canji. Na koma shagon, mai shagon ya cire allon ya kusanto da shi kusa da sensa, ya juya taya, lambobi suka fito. Ya ce kayansa lafiya lau, kuma kayan da aka buɗe ba a mayarwa.

Wani dattijo mai gyaran keke a unguwarmu ne ya warware mini. Ya dubi keken sama da ƙasa, ya ce, "Malam, wannan keken naka wuyansa ya yi tsawo."

Na ce, "Baba, me ya haɗa wuya da mita?"

Ya ce, "Je ka wajen telan can ka aro mana tef."

Muka auna daga sensa zuwa allon, muka samu santimita 78. Da na dawo gida na buɗe takardar da ke cikin kwalin, wadda tun farko ban karanta ba, sai ga shi a rubuce: kada tazarar ta wuce santimita 70. Wannan iyakar ce kamfanin CatEye na Japan, ɗaya daga cikin sanannun masu ƙera irin wannan mita, yake sanya wa mitocinsa marasa waya na gama-gari, kuma masu kwaikwayonsa ba su fi shi ƙarfi ba.

A babban keke irin Raleigh ko Phoenix da iyayenmu suka hau, tayar tana da tsawo, sensa tana kusa da hannun mai tuƙi. A keke mai naɗewa kuwa tayar inci 20 ce ko 16, tana can ƙasa, an kuma yi wa keken dogon wuya domin babban mutum ya iya riƙewa. Wasu ma wuyan nasu ana jan sa sama. Dogon mutum da ya ja shi har ƙarshe ya ƙara nisanta allon da sensa.

Maganin da Baba ya yi mini bai ci ko kwabo ba. Ya ɗaga sensar zuwa can saman ƙarfen tayar, ya matsar da maganaɗisun daidai da ita, ya sauko da allon daga kan keken zuwa jikin wuyan. Tazarar ta dawo ƙasa da 70, mita ta kama aiki. Ya kuma mayar da sensar ɓangaren da ba ya haɗuwa da tayar baya idan an naɗe keken, domin a kekunan da ke karyewa a tsakiya, tayoyin biyu suna mannuwa da juna, suna iya ture ta. Tazarar maganaɗisu da sensa ba a so ta wuce milimita 5, don haka ɗan turi kaɗan ya isa ya kashe lissafin.

Mita mai waya fa, wadda ta fi araha? A keke mai naɗewa ba na ba da shawararta. Wayar takan gaza tsawo, idan ma ta kai, naɗewa da buɗewa na kullum zai cinye ta a gaɓar wuyan.

Kuskure na biyu: mita mai yi maka daɗin baki

Bayan mita ta fara aiki, sai na ga ina yin gudun da ban san ina da shi ba. Har na fara yi wa abokai alfahari. Ashe mitar ce ke yaudarata, kuma laifin nawa ne.

Mita ba ta san girman tayarka ba sai ka gaya mata. Da yawa daga cikinsu suna zuwa daga kamfani a saite kan milimita 2096, wanda shi ne zagayen siririyar tayar keken tsere. Tayar keke mai naɗewa ta inci 20, mai lamba 20x1.75, zagayenta kusan milimita 1515 ne. A kilomita ɗaya, babbar tayar za ta juya sau 477, ƙaramar kuwa sau 660. Idan ba ka sauya lambar ba, mita za ta ɗauki kowace juyawar ƙaramar taya a matsayin ta babba. Ka yi kilomita 10, ta rubuta maka kusan 14. Ƙarin ya kai kashi 38 cikin 100.

Ka duba abin da wannan zai jawo wa yaron da ke cajin kuɗin kai saƙo bisa kilomita. Zai riƙa karɓar abin da bai yi wa aiki ba, ba tare da ya sani ba, har ranar da mai kaya zai duba taswirar wayarsa ya ce masa maha'inci.

Akwai kuma wani tarkon. Tayar da ake kira inci 20 iri biyu ce. Idan ka duba gefen taya za ka ga lamba kamar 47-406 ko wata mai ƙarewa da 451. Mai 451 ta fi girma, kuma tayar ɗaya ba ta shiga gargaren ɗayar. Wannan lamba ce ya kamata ka riƙe, ko a wajen saita mita ko a wajen sayen sabuwar taya.

Hanyar da ta fi kowace inganci ita ce ka auna da kanka. Ka yi wa taya iska yadda ka saba hawa. Ka juya ta har bakin da ake hura iska ya dawo ƙasa, ka ja layi da alli a siminti. Ka hau keken, wani ya riƙe ka, ka gangara har bakin ya sake dawowa ƙasa, ka ja layi na biyu. Tsakanin layukan shi ne zagayen tayarka. Ka mayar da shi milimita ka shigar. Mitar da aka saita haka tana lissafin nisa daidai ƙwarai, a ƙarƙashin gadar Kawo ne ko a inuwar bishiyoyin Unguwar Rimi.

Abin da GPS ya fi ta da shi

Ba zan zalunci GPS ba, domin yana da fifikon da ba a musu. Babu maganaɗisu, babu sensa, babu ruwansa da girman taya ko tsawon wuya. Ka ɗaura, ka kunna, ka tafi. Duk matsalolin da na zayyana a sama ba su shafe shi ba, shi ya sa masu kekuna masu naɗewa a ƙasashen waje da dama suka koma gare shi, musamman masu Brompton, keken da Andrew Ritchie ya tsara a Landan a 1975, mai tayar inci 16.

Yadda yake aiki shi ne, akwai taurarin ɗan Adam na Amurka kusan 30 da ke zagaya duniya a nisan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana watso saƙon lokaci da inda yake. Na'urar da ke kan kekenka tana sauraron aƙalla huɗu daga cikinsu, ta lissafa inda take. Tun watan Mayun 2000, lokacin da gwamnatin Bill Clinton ta daina gurɓata saƙon da farar hula ke samu, kuskuren ya ragu zuwa 'yan mitoci a fili. Na'urorin yanzu suna haɗawa da taurarin Rasha masu suna GLONASS, da Galileo na Tarayyar Turai, da BeiDou na Sin.

Abu mai muhimmanci a nan shi ne ba ya buƙatar layin waya ko data. Mutanen Kaduna ba su manta da ƙarshen Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a wasu sassan jihar saboda matsalar tsaro. A irin wannan hali, saƙon tauraro yana nan yana sauka.

GPS yana ajiye hanyar da ka bi, yana iya mayar da kai inda ka fito. Wanda ke tsallaka kogi zuwa sababbin unguwannin Millennium City, inda layuka da yawa suka yi kama da juna, zai ga amfanin wannan. Haka wanda ke da keke biyu, na'ura ɗaya ta ishe shi, ya cire daga wannan ya maƙala a wancan.

Inda kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu

Matsala ta farko ita ce caji. Mita marar waya tana amfani da ɗan faifan batir mai lamba CR2032, ɗaya a allo ɗaya a sensa, irin wanda ke cikin rimot ɗin mota, kuma masu gyaran agogo suna sayar da shi. Yakan kai kusan shekara ga mai hawa awa ɗaya a rana. GPS kuwa da awoyi ake lissafa batirinsa. Garmin Edge 530, alal misali, kamfanin ya ce yana kai awa 20. Ga wanda ke da wuta ba dare ba rana wannan ba komai ba ne. Amma a gidan da idan an kawo wuta ake rige-rigen soket tsakanin wayoyi da fitila da fanka mai caji, ƙarin abu guda nauyi ne. Ranar da ka manta, ka fita da mataccen allo. Bayan 'yan shekaru kuma batirin cikinsa zai yi sanyi, kuma ba irin wanda za ka sauya a bakin titi ba ne.

Ta biyu ita ce tsada. Wancan Edge 530 ya fito kasuwa a 2019 kan dala 300. A lokacin da dala ta kai Naira 1,500, kuɗin ya zama Naira 450,000, wato fiye da albashin wata shida na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sanya wa hannu a Yulin 2024. Na'urar ta ninka kuɗin keken da za a ɗora ta a kai. Akwai masu sauƙin kuɗi daga kamfanonin Sin irin su iGPSPORT da XOSS da Cycplus, amma ƙananan cikinsu ba su da taswira, gudu da nisa da lokaci kawai suke nunawa, wato aikin mita.

Ta uku ita ce taswirar kanta. Na'urar da aka sayar a Turai sau da yawa da taswirar Turai take zuwa. Wanda ya sayi ta hannu yana iya kunnawa a Badarawa ya ga ɗigo a kan farin allo, sai ya nemi kwamfuta da data ya sauke taswirar yankinmu. Ko an sauke, taswira ba ta san lungun da ruwan Agusta ya yanke ba, ba ta san layin da aka toshe saboda biki ko sallar Juma'a ba. Mai shayin bakin layi ya fi ta sanin wannan.

Ta huɗu ita ce yanayin tafiyar cikin gari. GPS yana buƙatar ɗan lokaci kafin ya kama taurari idan an kunna shi, don haka mai sauri yakan yi asarar farkon tafiyarsa. A ƙarƙashin gada ko tsakanin dogayen gine-gine saƙon yakan raunana. Idan ka tsaya a cunkoso, wani lokacin yakan ɗauka kana motsi. A doguwar tafiya a fili waɗannan ba sa tasiri, amma a gajeriyar tafiya mai yawan tsayawa, mitar da aka saita da kyau ta fi shi daidaito.

GPS ɗin keke ba ya kama ɓarawo

Wannan ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Mutane da yawa da suka tambaye ni, da na bi diddigi sai in tarar abin da suke so shi ne idan an sace keken su gano inda yake. Sun ji ana sanya wa motoci GPS, sun ɗauka abu ɗaya ne.

Ba ɗaya ba ne. Na'urar da ke kan keke sauraro kawai take yi, ba ta aika komai zuwa tauraro. Ita ta san inda take, kai ba ka sani ba. Abin da ake ɓoyewa a mota yana da layin waya a ciki, shi ne ke turo wa mai motar saƙo, kuma yana cin kuɗin data. Ɓarawon da ya ɗauke kekenka da GPS a kai ya samu kaya biyu ke nan. Kariyar keke mai naɗewa ita ce ka naɗe shi ka shiga da shi, wanda shi ne dalilin ƙera shi tun farko.

Akwai kuma haɗarin da ya fi sata. Yawancin masu GPS suna haɗa shi da manhajar Strava, wadda ke nuna wa abokai hanyar da ka bi. A Janairun 2018, wani ɗalibi ɗan Ostareliya mai suna Nathan Ruser ya gano cewa taswirar da kamfanin ya wallafa ta masu motsa jiki tana fallasa sansanonin sojin Amurka a ƙasashe irin su Siriya da Afganistan, saboda sojojin suna gudu da na'urorinsu a kunne. Idan sansanin soja bai tsira ba, ina ga gidanka?

Kaduna gari ne na barikoki da makarantun soja, kuma jiha ce da ta sha fama da masu garkuwa da mutane. Wanda ke wallafa tafiyarsa kullum yana sanar da duniya ƙofar gidansa, da lokacin da yake fita bayan asuba, da hanyar da yake bi shi kaɗai, da makarantar da yake sauke ɗansa. Duk wanda ya zaɓi GPS ya rufe shafinsa ga wanda bai sani ba, ya kunna wajen da ke ɓoye farkon tafiya da ƙarshenta, kada kuma ya ɗora hoton taswirar a Facebook. Mitar maganaɗisu ba ta da wannan matsala, domin ba ta san inda kake ba balle ta faɗa wa wani.

To wayar hannu fa?

Wayarka tana da GPS a ciki, kuma Google Maps yana ba da damar sauke taswirar gari a ajiye ta yi aiki ko babu data. Ga wanda sai jefi-jefi yake neman adireshi, wannan ya wadatar.

Abin da ba na goyon baya shi ne ɗaura waya a kan keke. Ranar Maris da Afrilu za ta gasa ta, ruwan damina ya jiƙa ta, ramukan hanya su girgiza ta, ƙaramar taya kuwa ta fi babba jin rami. Sama da duka, masu ƙwacen waya ba sa buƙatar gayyatar da ta wuce wannan. Waya ta zauna a aljihu ko jaka. Idan ka ɓata, ka tsaya a gaban shagon da ke da mutane ka duba.

Akwai wata hanya ta tsakiya, wato sensar da ake ɗaurawa a cibiyar taya, marar maganaɗisu, mai aika saƙo ta Bluetooth ko ANT+. Saƙonta yana kai 'yan mitoci, don haka tsawon wuya ba ya dame ta. Tana haɗuwa da waya a aljihu ko da GPS, ta gyara masa lissafin gudu. Sai dai ƙarin kuɗi ce.

Shawarata

Ka fara da tef. Ka saita wuyan keken yadda kake hawa, ka auna daga saman ƙarfen tayar gaba zuwa inda za ka ɗaura allo. Idan bai kai santimita 70 ba, ko kana iya sauko da allon jikin wuya ya dawo ƙasa da haka, sayi mita marar waya. Ka je shagon da kekenka, a ɗaura a gabanka, ka zagaya layi da fitilar gaba a kunne, domin wasu fitilun LED suna rikita saƙon mita. Sai ka ga tana aiki sannan ka biya.

Idan tazarar ta ƙi, ko kana da keke fiye da ɗaya, sayi ƙaramin GPS marar taswira, ka saba da yi masa caji tare da wayarka. Babban GPS mai taswira na masu doguwar tafiya ne a hanyar da ba su sani ba, kuma su ma sai sun fara tambayar lafiyar hanyar kafin su tambayi na'ura.

Kafin duk wannan, akwai abubuwan da suka fi mita zama dole: birki mai kamawa gaba da baya, fitila fara a gaba da ja a baya, hular kwano, da riga mai haske ga mai dawowa bayan magariba. A zamanin Obasanjo, Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kiran 'yan Najeriya su rungumi keke, shi da kansa yana hawa zuwa aiki a Abuja, har wata rana motar bas ta ture shi cikin kwalbati. Fiye da shekara 20 bayan haka, mai keke a Kaduna yana raba titi ɗaya da tirela da Napep da motocin haya, kuma ƙaramin keke ya fi wuyar gani ga direba. Wanda kuɗinsa bai kai ya haɗa mita da fitila ba, ya sayi fitila.

Ni dai har yanzu mitar nan da na kusa jefarwa ce a jikin wuyan kekena. Sau ɗaya na sauya mata batir. Duk ƙarshen wata nakan duba kilomitocin da na yi, in ƙiyasta abin da Napep zai ci a kansu, in san abin da ya rage a aljihuna na cefane. Na koma na ba Baba ɗan goro, ya ce tela zan kai wa, tunda tef ɗinsa ne ya yi aikin.

Allah Ya kai mu gidajenmu lafiya.